An sace waya tana kulle, amma an kwashe kuɗin banki: ta ina ake shiga?

Ɗan Mabera

Assalamu alaikum jama'a. Akwai abin da ke ta faruwa a garin nan da nake son masana su warware mana. A zare wa mutum waya a cunkoson Sabuwar Kasuwa, ko ta zame daga aljihu a kan kabu-kabu, ko a ɗauke ta a masallaci ranar Juma'a. Wayar tana da makulli, wata ma sai da ɗan yatsa take buɗewa. Amma kafin gari ya waye mai ita ya isa banki, an share abin da ke asusunsa, wani har bashi ake ci da sunansa. Ta ina ɓarawon yake shiga tunda bai buɗe wayar ba? Kuma a sa'ar farko ina ya kamata a fara nufa, banki ko kamfanin layi ko 'yan sanda? Allah ya saka da alheri.

Injiniya Arkilla

Wa alaikumus salam Malam. Ɓarawon ba ruwansa da buɗe wayar. Makullin da ka sa na wayar ne kaɗai, sim ɗin da ke cikinta a sake yake. Da allura zai turo shi waje, ya zura shi a ƙaramar waya mai tocila, daga wannan lokacin duk saƙon da banki ya aiko maka a hannunsa zai sauka. In ya danna *565*0# a kan layin, BVN ɗinka mai lamba 11 za ta fito masa. Alat ɗin farko da ya shigo zai gaya masa bankin da kake ajiya. A OPay da PalmPay ma lambar asusu ita ce lambar wayarka in an cire sifirin farko, ba sai ya sha wahalar nema ba.

Abin da ya rage tsakaninsa da kuɗin shi ne lambar sirrinka, kuma a nan ne mu da kanmu muke sauƙaƙa masa. Zai gwada 1234, ya gwada 0000, ya gwada lambobi huɗu na ƙarshen layin, ya gwada shekarar haihuwarka. Mafi muni shi ne ɗabi'ar nan ta cusa katin ATM a bayan rigar waya, wani har da takardar NIN a ninke huɗu. Bankuna da yawa in za a sauya lambar sirrin USSD, wato hada-hadar banki ta danna lambobi masu * da # a waya, lambobin ƙarshe na katin suke tambaya. Wanda ya haɗa kati da waya wuri ɗaya ya miƙa ƙofa da mabuɗinta.

Ƙa'idar da Babban Bankin Najeriya ya fitar a 2018 ta taƙaita abin da za a fitar ta USSD zuwa naira 100,000 a rana, kuma abin da ya haura 20,000 sai da tabbaci na biyu. To amma iyakar ta rana ce. Wanda ya ɗauki waya bayan isha'i zai ɗiba kafin sha biyun dare, ya sake ɗiba bayanta, in kana da bankuna uku ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Abin da bai fita ta tiransifa ba sai ya saye katin waya da shi.

Maganin da ya fi kowane sauƙi, kuma mutane ƙalilan ne suke yin sa, shi ne sa wa sim ɗin kansa lambar sirri. Ka shiga saitin waya, a wurin bincike ka rubuta SIM, za ka ga inda ake kulle shi, yawanci a sashen tsaro. Ƙananan wayoyi ma suna da shi. Zai fara tambayar tsohuwar lambar da layin ya zo da ita daga kamfani, sannan ka sauya ta da taka, daga lamba 4 zuwa 8. A kula ƙwarai a nan: in ka kuskure sau uku layin zai rufe, sai da PUK, wato lambar buɗe layin da ya rufe, mai lamba 8, wadda ke jikin babban katin da aka ɓalle sim ɗin daga ciki. In ka kuskure PUK sau goma sim ɗin ya mutu, sai sabo. Saboda haka in ba ka san lambar farko ba, kada ka yi ta cinke. Ka kira kamfanin layinka a 300 ka tambaya, kuma PUK ɗinka ta kasance a gabanka kafin ka fara.

Wannan makullin yana aiki ne idan an kashe waya an kunna, ko an mayar da sim ɗin wata wayar. Ke nan in ƙaramar waya ce marar makulli aka ɗauke ta a kunne, bai hana komai ba, dole ita ma a sa mata nata. A babbar waya kuma a hana saƙonni bayyana a fuskarta tana kulle, don ana iya karanta lambar OTP, wato lambar tabbaci da banki ke turowa ta saƙo, ba tare da an buɗe ta ba.

Game da inda za a fara, ni ina ganin kamfanin layi. Layi ɗaya ne ke riƙe da dukkan asusunka, in an toshe shi an toshe su duka.

Hajiya Gawon Nama

Injiniya, Allah ya ƙara basira, bayaninka ya gamsar. A kan batu na ƙarshe ne kawai na saɓa maka. Kiran 300 yana cin lokaci: sai da layin kamfani ɗaya da naka, ka jira a ɗauka, sannan a yi maka tambayoyi, sunanka, NIN, lambobin da ka fi kira, kati na ƙarshe da ka sa. Mutumin da hankalinsa ya tashi sau da yawa ba ya iya tuno su. Toshe asusun banki kuwa minti biyu ne, kuma da wayar kowa ake yi, ko ta mai shayi ce. Zenith *966*911#, Access *901*911#, First Bank *894*911#, GTBank *737*51*74#. Za a nemi lambar wayar da ta ɓata ko lambar asusu, daga nan kuɗi suna iya shiga amma ba sa fita, sai ka je banki da kanka an buɗe. Kowa ya tambayi bankinsa tasa lambar tun yau. In ku biyu ne a wurin, ɗaya ya kama banki ɗaya ya kama layi, ya fi.

Abin da ke kayar da mutane shi ne duk waɗannan bayanan a cikin wayar da aka sace suke. A samu takarda a gida, a rubuta lambobin asusu, lambar toshe kowane banki, PUK, da IMEI, wato lambar shaidar wayar kanta, mai lamba 15 da ke fitowa in an danna *#06#. Ban da lambar sirri, ita a ka ake ajiye ta.

Washegari sai a je wajen 'yan sanda a karɓi rahoto, a yi takardar rantsuwa a kotu in babban katin sim ɗin ya ɓata, sannan a je ofishin kamfanin layi da NIN a yi walkam-bak, wato a karɓi sabon sim mai tsohuwar lambar. Za su ɗauki hoton yatsa ko fuska su gwada da na rajista. A nan ne mata da yawa suke maƙalewa, domin layin da suka shekara goma suna riƙe da shi da sunan miji ko ɗa ko ƙane aka yi masa rajista. In mai sunan yana Legas ko ya rasu, aiki ya zama babba. Tun Disambar 2020 da aka wajabta haɗa layi da NIN, layin da ba sunanki ba aro ne kike riƙe da shi. 'Yan'uwana mata, a gyara wannan tun ana zaune lafiya.

In an riga an fitar da kuɗi, a kai ƙorafi banki a rubuce, da ranar da abin ya faru da lokacinsa da adadin kowace fita, a karɓi lambar ƙorafin. Saurin kaiwa shi ne komai, saboda bankinka zai tuntuɓi bankin da kuɗin suka faɗa a riƙe su in ba a kwashe ba tukuna. In mako biyu ya wuce ba a warware ba, a ɗaukaka zuwa sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Najeriya, CBN. In kamfanin layi ne ya yi sakaci, hukumar sadarwa ta NCC tana da lambar ƙorafi 622, kiranta kyauta ne. EFCC ma tana da ofishi a nan Sakkwato.

Kada a manta WhatsApp. Da layi ya dawo a sake buɗe shi, zai fita daga wayar ɓarawon. In ya riga ya sa masa tasa lambar tabbaci ta biyu, sai an jira kwana 7. Kafin nan a sanar da dangi da abokan ciniki kada wanda ya tura ko sisi in an roƙa da sunanka.

Mai Gyara, Bello Way

Salamu alaikum. Abin da Injiniya da Hajiya sunka hwaɗi babu gyara. Ni ta wajen sana'armu za ni ƙara, don ba duk ɓarna ba ta ta ɓarawon kasuwa. Wata da hannunka kaka miƙa wayar.

In za ka ba da gyara, cire sim da memori ka sa aljihu. Sauya gilashi, ko batur, ko bakin caji, ko sifika, babu wanda ke buƙatar ka ba da lambar makullin waya. In an gama anka ce za a gwada, buɗe da kanka a gwada gabanka. Sabbin Samsung suna da yanayin gyara cikin saiti, wanda ke ɓoye hotuna da saƙonni har ka dawo. Haka wurin masu caji, inda za ka ga waya hamsin jere bisa katako, ko wace da 'yar lamba manne: kashe ta kahin ka miƙa, in sim na da makulli ba mai amfana da shi.

In sai da wayar za ka yi, goge hotuna ɗai-ɗai ba ya isa. Fitar da akawun ɗinka na Google da WhatsApp da manhajojin banki, sannan ka mai da ta yadda ta hito daga kamfani. Memori kuwa kada ka haɗa da shi ko an goge, akwai manhajojin da ke maido da abin da ke ciki.

Ga abokan sana'a kuma, wagga magana ta amana ce. Wayar da anka aje hannunka, asirin gidan mutum na ciki, da hoton matatai da ɗiyanai. Yaron shago shi kwashi hoton mace shi tura ma aboki, kahin sati ya zagaye unguwa, aure ya mutu ko baiko ya watse, ita kuwa ba ta san ta inda abin ya hito ba. Allah ya hana bin diddigin asirin mutane a Suratul Hujurat, aya ta 12. Dokar laihukkan intanet ta 2015 ta sa shiga na'urar wani ba izini cikin laihi, ga kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Maigidan shago shi sa ido bisa yaranai. Kuma a daina sayen waya ba kwali ba rasit. A danna *#06# a gwada da lambar da ke jikin kwali. Da ba a saye, da sata ta ragu.

Ɗan Mabera

Na gode ƙwarai, Allah ya biya ku. Saura ɗaya, Hajiya. Iyayenmu da ke ƙauye, irin su Dange da Gwadabawa, ba su yi boko ba, wayarsu kullum tana mutuwa saboda rashin wuta. In an sa wa sim makulli, duk kunnawa sai an tambaye su lamba, sau uku layi ya rufe. Su yaya za a yi da su?

Hajiya Gawon Nama

Gaskiyarka Malam, ga dattijo makullin sim yana iya zama wahala. A raba layin kira da layin banki. Wanda yake yawo da shi kasuwa kada a haɗa shi da kowane asusu. Na bankin a sa masa makulli, ya zauna a gida cikin akwati tare da babban katinsa. Sai dai a riƙa sa masa kati ana yin kira da shi ko sau ɗaya a wata, domin layin da aka daɗe ba a taɓa ba kamfani yana karɓe shi ya sayar wa wani, sabon mai shi ya riƙa samun alat ɗin Baba. Duk wanda ya yar da tsohon layi ma ya je banki a sauya lambar da ke kan asusunsa da kan BVN.

In Baba ba ya tura kuɗi da waya, a je da shi banki a rubuta a kashe masa USSD gaba ɗaya, a bar alat kawai. A wurin mai POS shi zai danna lambarsa da hannunsa, ya kare da ɗaya hannun. In idonsa ba ya gani sosai, ɗa ɗaya amintacce ya riƙa raka shi, kada lambar ta zama abin da ake faɗa da ƙarfi a bakin rumfa. Kada kuma ya bari a ɗauki hoton katin, gaba ko baya, don lambobin gaba da ukun nan na baya ana sayayya da su a intanet.

A kuma nanata masa da Hausa ƙarara: duk wanda ya kira ya ce daga banki yake, ko tallafin gwamnati ya fito, ko za a rufe BVN, ya karanto lambar da ta shigo yanzu, ya kashe wayar ya kira ɗansa. Banki ba ya tambayar wannan lambar. Samarin gidan su ma a ja musu kunne kan ba da aron akawun a tura kuɗi a ba su na shan ruwa. Kuɗin sata ta irin waɗannan asusun suke bi, kuma in bincike ya tashi, BVN ɗin mai asusun ake sawa a jerin waɗanda ake tuhuma, shi ake fara kamawa.