Wa zai biya kuɗin kwashe kwali da roba, birni ko kamfani?

Injiniya Bashir: Assalamu alaikum jama'a. Ina so mu tattauna sauyin da lardin Ontariyo na Kanada ya yi. Shekara da shekaru hukumomin birane ne ke tura mota ta bi layi-layi tana kwashe kwali da gwangwani da gorar roba da mutane suka ware a shuɗin kwando a ƙofar gida. A garin Kitchener aka fara, a 1981. Bayan dokar 2002 kamfanoni suka riƙa biyan kusan rabin kuɗin aikin, sauran kuma daga harajin jama'a. A 2021 aka fitar da sabuwar ƙa'ida, aka fara miƙa aikin ranar 1 ga Yulin 2023, birni bayan birni, har ƙarshen 2025. Yanzu kamfanonin da ke ƙunshe kayansu a kwali ko roba su kai kasuwa, su ke da nauyin kwashewa da tantancewa baki ɗaya. Ni a ganina wannan shi ne adalci, kuma ya kamata sauran ƙasashe su bi sahu. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Maman Hanan: Wa alaikumus salam. Bakin wa, Injiniya? Duk abin da aka ɗora wa kamfani a farashi zai zuba shi, ni mai saye zan biya. Kuma ka lura da bambancin. Harajin gida yana bin darajar gidan, mai babban gida ya biya da yawa. Amma ƙarin da aka yi a kan sabulu ɗaya ne ga attajiri da mai ƙaramin albashi. Sannan wa ya yi alkawarin birni zai rage haraji da abin da ya samu rara? Tsorona a biya sau biyu.

Injiniya Bashir: Ban musa ba, wani kaso zai iso ga mai saye. Amma ba duka kaya za su tashi daidai ba, kuma nan ne hikimar take. A tsohon tsari, wanda ya zaɓi irin mazubin bai san ma nawa ake kashewa a kansa ba, birnin da ke kashe kuɗin kuma ba shi da ta cewa a kan mazubin. Idan takardar biyan ta koma teburin wanda ya zaɓa, zai sake tunani.

Malam Auwal: Bari in sa baki, don na yi aiki a wurin tantance irin waɗannan kaya. Mota ta juye, bel ya ɗauka. Maganaɗisu ya zuƙe gwangwanin ƙarfe, wata na'ura ta cilla na alminiyam gefe, sai na'urar da ke haska roba ta gane nau'inta, iska ta hure ta zuwa inda ya dace. Baƙar roba kuwa haɗiye hasken take yi, na'urar ba ta ganinta, sai ta wuce cikin abin da za a kai juji. Akwai ledar nan mai sheƙi da aka manne roba da alminiyam da takarda wuri ɗaya, babu mai iya raba su, babu mai saye. Leda mai laushi kuma naɗewa take yi a jikin ƙarafan da ke juyawa, dole a kashe inji, mutum ya hau da wuƙa yana yankewa, kowa na tsaye yana jira. Duk wannan wahalar wani ne ya yanke ta a ofis, ranar da ya ce baƙin mazubi ya fi kyau a ido. Shi ya sa nake tare da Injiniya a kan tushen maganar.

Maman Hanan: Allah ya saka, Malam, wannan bayani ya shiga. To amma tun da aka fara wannan tsari a duniya, baƙar robar ta ɓace? Ledar mai sheƙi ta ragu?

Malam Auwal: Ba ta ɓace ba. Idan kuɗin da ake caji bisa nauyi ne kawai, leda ma riba take ci, tunda ba ta da nauyi. Sai an yi kamar Faransa, inda ake ƙara wa mazubin da ke ɓata aikin tantancewa kuɗi, a rage wa mai sauƙin sarrafawa. Kuma sai ƙarin ya yi zafin da za a ji shi.

Hajiya Turai: 'Ya'yana, kada ku manta abin da ya tura birane ga wannan hanya. A farkon 2018 ƙasar Sin ta rufe ƙofa ga yawancin tarkacen roba da gaurayayyar takarda da take saye daga waje, ta ce abin da za ta karɓa ma kada dattin cikinsa ya wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Farashi ya faɗi warwas. Kayan da birni ke sayarwa ya samu ɗan abin rage asara, sai ga shi yana biya a ɗauke masa. Wasu garuruwa a Amurka suka dakatar da shirin gaba ɗaya. Hukumar birni an kafa ta ne don ruwa da hanya da kashe gobara, ba ta da ƙarfin jure hawa da saukar kasuwar duniya. Ba banza ba jihar Maine da ta Oregon a Amurka suka yi irin wannan doka a 2021, Kalifoniya da Kolorado suka biyo a 2022.

Baban Sadik: Ranki ya daɗe, na yarda birane sun jigata. Inda nake da ja shi ne, a Ontariyo ba kuɗi kaɗai aka karɓa daga kamfanoni ba, har ragamar aikin aka damƙa musu. Ƙungiyar da ke tafiyar da kwashewar, Circular Materials, manyan kamfanonin abinci da abin sha da kantuna ne suka kafa ta. Wanda ke biya shi ke ba da kwangila, shi ke kawo rahoton abin da aka yi. Da, in mota ba ta zo ba, kansilanka za ka kira, kuma ya san akwai zaɓe a gaba. Yanzu wa za ka kayar a akwati? Sannan ku duba abin da ya faru a 2025: kamfanoni suka koka da tsada, gwamnatin lardin ta fito da shawarar ɗage wa'adin cika ma'aunan sake sarrafa shara da aka gindaya musu, da janye shirin faɗaɗa aikin zuwa wasu manyan gidajen haya da makarantu. Tun tafiya ba ta yi nisa ba ke nan.

Injiniya Bashir: Akwai hukumar sa ido a lardin, mai ikon bincike da cin tara. Kuma ga lardin Birtish Kolombiya na Kanada, tun 2014 suke kan wannan tsari. An ba birane zaɓi, wanda ya so ya ci gaba da kwashewa a biya shi, wanda ya so ya miƙa aikin. Jerin abin da ake karɓa ya zama iri ɗaya a faɗin shirin, mutum ya ƙaura daga gari zuwa gari bai ruɗe ba. Lokacin da Sin ta rufe ƙofa ba su girgiza kamar wasu ba, don mafi yawan robarsu a cikin lardin ake sarrafa ta.

Baban Sadik: Hukumar sa ido abin da doka ta ce take bi, Injiniya. In an sassauta dokar, me za ta kama?

Hajiya Turai: Baban Sadik ya taɓo inda abin yake. Jamus ce ta fara wannan a 1991, da alamar nan ta koren ɗigo a jikin kaya. Zuwa 1993 kamfanin da ke tafiyar da shirin ya kusa durƙushewa, saboda da yawa suna buga alamar ba sa biyan abin da ya hau kansu. Ba su jefar da tsarin ba, gyara suka yi ta yi, har a 2019 doka ta wajabta wa kowane mai sa kaya a kasuwa ya yi rajista a kundin da kowa zai iya buɗewa ya duba. Kusan shekara talatin kafin su kai nan. Saboda haka ni ina goyon bayan kamfani ya biya, amma ban yarda a bar shi ya auna kansa ba. Kuma adadin da za a tambaya shi ne tan nawa ya koma sabon kaya, don abin da mota ta kwasa ba ya nuna komai. Rahoton OECD, ƙungiyar ƙasashe kan haɗin gwiwar tattalin arziki, na 2022 ya ce kashi 9 cikin ɗari kacal na sharar roba a duniya ake sake sarrafawa.

Malam Auwal: Hajiya, a ƙara da ma'aikata. Kwangila in ta sauya hannu, direba da mai tsayuwa a bakin bel su ne farkon waɗanda ake matsewa don a rage kashe kuɗi. Ya kamata a rubuta kariyarsu a cikin dokar tun farko.

Maman Hanan: Ni har yanzu ban sauka ba. Akwai waɗanda ƙa'idar Ontariyo ba ta ɗauka ba, kamar ƙananan shaguna da wuraren ibada, alhali da motar birni ce ke haɗawa da nasu a layi ɗaya. Yanzu ko birni ya biya daban, ko su nemi ɗan kwangila da kansu. Mai ƙaramin shago ya sayi kaya da kuɗin kamfanin a cikin farashi, kuma ba a kwashe masa kwalinsa. Injiniya, wannan fa?

Injiniya Bashir: Wannan giɓi ne, kuma ina ganin a rufe shi, a sa su cikin waɗanda kamfanoni za su biya wa. Idan ragamar ce damuwarku, ga Birtaniya: tun 2025 kamfanoni ke biya, amma ƙananan hukumomi ne ke ci gaba da kwashewa, kansila na nan a inda yake.

Baban Sadik: Wannan ya fi kwanta mini, sai dai shi ma da nasa. Kamfani zai ce ana cajinsa kuɗin aikin da ba shi da ikon gyarawa, ya yi ta jayayya a kan kowace takardar biya. Duk da haka na zaɓi wannan jayayyar, tunda a fili za a yi ta, kuma lissafin yana hannun hukumar da zan iya zuwa zaurenta in yi tambaya.