Zaman jinya na rukuni yana tayar min da hankali, in daina zuwa?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a sakaya sunana. Shekara uku ke nan, da zarar kowa ya kwanta sai in tsinci kaina gaban firij ina ta ci, ba don yunwa ba, har numfashi ya gagare ni, in koma ɗaki ina kuka. Ba na amayar da shi. Likita ya tura ni zaman jinya na rukuni, mu takwas, na je sau biyu. Jiya ina cikin bayani wata ta duba agogonta, nan take na ji duk sun gaji da ni. Na dawo na ci fiye da kullum. In haƙura da zuwa?

Wata 'yar uwa:
Wa alaikis salam. Allah Ya ba ki lafiya. Wannan ba haɗama ba ce, ciwon cin abinci fiye da kima ne ba tare da iya tsayawa ba, wanda ake kira "binge eating disorder" da Turanci. Tun 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta amince da shi a matsayin ciwo mai zaman kansa, idan yana faruwa aƙalla sau ɗaya a mako har wata uku.

Wani ɗan uwa:
Ni maganar agogon ce ta tsaya min a rai. John Bowlby, wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Birtaniya, ya yi bayanin yadda shaƙuwar yaro da mai renonsa ke bin sa har girma. Wanda ya tashi ba shi da tabbas, kullum zuciyarsa na ɗar-ɗar kada a guje shi, kallo ɗaya ya ishe shi, abinci kuma ya zama abin rarrashi. A 2006 masanin halayyar ɗan adam Giorgio Tasca da abokan aikinsa a Ottawa ta Kanada suka gano cewa a cikin masu ciwo irin naki, masu irin wannan fargaba sun fi samun sauƙi a rukunin da ke duba mu'amala da abin da ke zuciya, waɗanda tasu ba ta yi tsanani ba kuwa CBT, wato jinyar gyara tunani da ɗabi'a, ya fi karɓar su. Ki tambayi mai jagorantar ku wane iri kuke yi.

Wata yaya:
Ƙanwata, na zauna a irin kujerar nan. Abin da ya same ki jiya shi za ki kai musu, ki faɗa a gaban mai agogon. Ranar da na yi haka murya na rawa, ashe wadda nake zargi ita ma tsoron a ƙi ta take yi.

Mai tambaya:
Na gode, Yaya. Gabana na faɗuwa, amma zan je, kuma zan faɗa.