Wane suna za mu raɗa wa fasahar AR a ɗakin fisiyo, wato gashin ƙashi?

1/ 'Yan uwa, kalma nake nema. Akwai manhajojin waya da ake gwadawa don masu shanyewar ɓarin fuska. Mutum ya riƙe waya kamar zai ɗauki kansa hoto, sai manhajar ta kwafi ɓarin da ke da lafiya, ta juya shi, ta ɗora a kan wanda ya shanye. Ya yi murmushi, ya ga bakinsa ya buɗe daidai ta kowane gefe. Wasu kuma ɗigo suke sawa a gira da gefen baki, su nuna iya inda motsi ya kai. Turawa na kiran dabarar augmented reality, AR a taƙaice. Ita ce ke liƙa wa yara kunnen kare a Snapchat.

2/ Kalmar na da muhimmanci domin atisayen fuskar nan a gida ake yin yawancinsa, kuma a hankali ake so. Jijiyar fuska, wadda Charles Bell ya bayyana aikinta a 1821, wani lokaci takan warke a karkace: mutum ya zo murmushi, ido ya runtse da kansa. Dole likita ya iya faɗa wa Baba abin da zai kalla a waya da harshen da yake ji.

3/ Wani ƙanena ya ce "madubin dabo". Ban yarda ba ko kaɗan. Dama da baki ya karkace, cewa ake iska ce ta bugi mutum, a tsaya turare da tofi har awa 72 da maganin firedinisolon ya fi amfani a cikinsu su wuce. Wani lokacin ma bugun jini ne a ƙwaƙwalwa, mai bukatar asibiti nan take. Kada mu ƙara wa zancen iskokai ƙarfi.

4/ "Ɗorin hoto" ya dace da ma'ana, amma a asibiti ɗori na karaya ne. "Ƙarin zahiri" sai wanda ya san Turancin zai gane.

5/ Nawa zaɓin: gani-da-ƙari. Fuskarka kake gani, a ɗakinka, an dai ƙara wani abu a kai. Manhajar kanta kuma a ce madubin atisaye.

Yayyenmu masu aikin fisiyo a Kano da Damagaram, ku gwada su a kan marasa lafiya, ku gaya mana wacce ta zauna a bakinsu.