Gurbin makarantun kimiyya ya yi mana kaɗan a Kano, ina mafita?

Tela Daga Kurna:
Assalamu alaikum jama'a. Ni tela ne, 'ya'yana shida. Ta biyun ta gama ƙaramar sakandare bara, ta zauna jarrabawar shiga makarantun kimiyya na jiha. Wata uku yarinyar nan tana karatu da fitilar wayata bayan isha'i, likita take son zama. Ranar da sunaye suka fito, sau uku na bi takardar da yatsa, babu nata. Ba ta yi kuka a gabana ba, amma sai da ta kwana biyu ba ta ci abin kirki ba.

Yanzu tana makarantar je-ka-ka-dawo ta unguwarmu. Ana kiran ajinsu na kimiyya, amma zango biyu ke nan ba su leƙa ɗakin gwaje-gwaje ba, a allo ake zana musu kwalabe. Don Allah masana, tunda kowa makarantun nan yake so, me ya hana a ƙara su? Ko kuwa abin da ke cikinsu za a kawo mana unguwa?

Tsohon Ɗalibi:
Wa alaikumus salam. Malam, Allah Ya sa haka ne mafi alheri. Ni a makarantar kimiyya ta Dawakin Kudu na yi. A 1977 aka buɗe ta tare da ta Dawakin Tofa, saboda a lokacin Kano ba ta da isassun likitoci da injiniyoyi 'yan ƙasa. Ta mata ta biyo baya a Taura a 1981. Da aka cire Jigawa a 1991, makarantun kimiyya na Taura da Kafin Hausa suka tafi can. An yi ƙari daga baya, irin su Garko da Gaya, amma ina aka je idan ka dubi yawan yaran ƙananan hukumomi 44?

Sai dai ina jin tsoron a yi ta kafa allon suna kawai. Abin da ya gina mu shi ne malami yana tsaye a kanka har ka iya. Mai koya mana Kemistiri mutumin Indiya ne, in ka ɗiga ruwan asid ya wuce ƙa'ida sai ka wanke kwalba ka sake daga farko, ko da an kaɗa ƙararrawar cin abinci. A ƙara, amma a fara da neman malamai.

Malamar Kemistiri:
Yaya Tsohon Ɗalibi, na yarda da kai rabi. Shekarata goma sha ɗaya ina koyarwa a makarantar gwamnati ta 'yan mata. Makarantar kwana irin ta kimiyyar nan tana cin kuɗi: abinci, ruwa, katifa, katanga. Abin da za a ciyar da ɗalibanta zango guda zai gyara ɗakunan gwaji a makarantun unguwa da dama. A wurinmu kayan aiki ba sa fitowa sai jarrabawar WAEC ko NECO ta matso, yarinya ta fara riƙe bututun awo saura mako biyu, hannunta na rawa. Da za a ware makaranta ɗaya a kowane yanki a cika mata ɗakin gwaji, a sa mai kula da shi, maƙwabta su riƙa zuwa bi da bi, da an rage asara. Tunda gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024, nan ya kamata iyaye su matsa.

Baban yarinya, ka ce mata ta riƙe Lissafi da Turanci da kyau. Na yaye ɗalibai daga aji irin nata da suka samu gurbi a Jami'ar Bayero (BUK).

Mutumin Doguwa:
Malama, mu na karkara kar a manta da mu. Garinmu babu makarantar kusa da za a yi bi da bi. In ba ta kwana ba, 'yarmu ba ta da hanya.

Tela Daga Kurna:
Na gode ƙwarai. Malama, na karanta mata saƙonki, ta kwafe shi a bayan littafinta. Akwai taron iyaye da malamai ranar Asabar, zan tayar da maganar ɗakin gwajin. Don Allah ki rubuto mini kayan da suka fi zama dole, in ji ko ƙarfinmu zai kai mu haɗa kuɗi mu fara.