Aikin kula da fasinjoji a jirgin sama: nawa ake samu, kuma ina ake kaiwa?

Yayan Zainab:
Assalamu alaikum. Ƙanwata ta kammala digiri, kuma ta dage sai ta shiga aikin kula da fasinjoji a jirgin sama. Mahaifinmu ya ɗora mini alhakin bincike kafin mu biya kuɗin horo. Ina roƙon waɗanda suka san harkar su bayyana mini yadda albashin yake, da kuma ko aikin yana da ƙarin girma, ko kuwa na 'yan shekaru ne kawai.

Hajiya Maijirgi:
Wa alaikumus salam, Malam. Na yi wannan aiki a wani kamfanin cikin gida kafin na yi aure. Abu na farko shi ne lasisi, wanda hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, wato NCAA, take bayarwa bayan mutum ya yi kwas a makarantar da ta amince da ita, kamar Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya da aka kafa a 1964, ya kuma ci gwajin lafiya. Za a koya mata kashe gobara, da agajin gaggawa, da fitar da fasinjoji idan jirgi ya sauka a ruwa, don haka ta fara koyon iyo tun yanzu.

Game da kuɗi kuwa, kada ku tsaya kan albashin da aka rubuta a takardar ɗaukar aiki, domin yawancin abin da ke shiga aljihu yana zuwa ne daga alawus na tashi da na kwana a wani gari. Watan da jirgi ya tafi gyara, ko aka rage zirga-zirga saboda tsadar man jirgi, nan take za ta ga giɓi. Mu a lokacinmu jigilar alhazai ce kakarmu, domin a makonnin nan ne muke samun alawus mai kauri.

Malam Na-Kaduna:
Hajiya ta faɗi gaskiya, amma ni abin da ya fi damuna shi ne ɗorewar kamfanonin. Nigeria Airways ya rushe a 2003, ma'aikatansa suka shafe shekaru suna bin haƙƙinsu, sannan AMCON, hukumar gwamnati mai karɓar basussukan bankuna da aka kasa biya, ta karɓe kamfanin jiragen sama na Arik a 2017. Shi ya sa masu ƙwazo suke hangen Emirates ko Qatar Airways, inda ake ba da masauki da motar zuwa aiki kyauta, kuma ba a cire harajin albashi. Sai dai Emirates tana neman wanda ya kai shekara 21, mai tsawon da bai gaza santimita 160 ba, kuma zama a Dubai ba tare da muharrami ba magana ce da ya kamata ku tattauna da Baba tun wuri.

Hajiya Maijirgi:
Ƙarin girma akwai shi, Yayan Zainab, amma matakansa ba su da yawa. A manyan kamfanoni ana farawa daga sashen kujeru masu sauƙin kuɗi, a koma sashen manyan baƙi, daga nan a zama shugabar ma'aikatan cikin jirgi. Wadda ta gaji da tashi tana iya zama mai horar da sababbi, ko ta koma ofishin kula da tsaro ko na tsara jadawalin aiki, kuma a nan ne digirin Zainab zai yi mata rana. Kafin ku biya ko sisi, ku tabbatar makarantar tana cikin jerin waɗanda NCAA ta amince da su.