Shekara 14 ina koyar da yara, yau ana neman takardar 'yan sanda a hannuna

Maman Biyu:
Salama gare ku 'yan'uwa. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun ranar Lahadi. Wata takwas ke nan da zuwana Ingila aikin jinya, ina Leeds. A gida Jos shekara 14 na yi ina koyarwa a makarantar Lahadi, wasu cikin yaran da na koya wa ayar haddacewa har sun yi aure. A cocin da nake zuwa nan na ga mata biyu suna fama da yara kusan 20, sai na ce zan sa hannu. Shugabarsu ta yi murna har da rungumata, sannan ta miƙo mini takardu: in kawo mutum biyu da za su tsaya mini, a yi mini binciken DBS (hukumar da ke duba tarihin laifin mutum a nan), in nemo takardar 'yan sandan Najeriya, in zauna bita. Kafin a gama, ko ɗakin yaran ba zan shiga ba. Na ce mata ai an yi mini DBS a wurin aiki, ta ce wannan daban.

Na karɓa da murmushi, amma a cikin bas da kyar na riƙe hawaye. A gida fasto kallonki kawai zai yi ya ce, "Malama, ga aji." Kowa ake yi wa haka, ko don ni baƙuwa ce?

Ɗan Kagoro:
'Yar'uwa, kwantar da hankalinki, ba ke aka raina ba. Faston kansa sai da ya bi ta wannan ƙofar. Ni shekara uku ina taimakon matasa a Manchester, duk na cike su.

Abin yana da tushe. A 2002 wani mai kula da ginin makaranta a garin Soham, Ian Huntley, ya kashe 'yan mata biyu masu shekara 10. Da aka bincika, ashe an sha kai ƙararsa kan 'yan mata a inda ya taso, labarin bai biyo shi ba. Daga nan aka tsaurara doka, a 2012 kuma aka kafa hukumar DBS. Ita ke duba ko an taɓa hukunta mutum, da ko sunansa na cikin waɗanda aka haramta wa aiki da yara. Na asibitinki mai yiwuwa na kula da manya ne, na yara kuwa rajistarsa daban. Hukumar ba ta karɓar kuɗi daga mai aikin sa kai. Takardar gida kuma, DBS ba ta ganin abin da ya faru a Najeriya, shi ya sa. Ta shafin POSSAP na 'yan sanda ake nema.

Coci ma ya ji jiki. A Nuwamba 2024 Justin Welby, babban limamin Canterbury, wato jagoran limaman cocin Ingila, ya sanar da murabus saboda batun John Smyth, lauyan da ya yi ta zane samarin da ya samu a sansanonin Kirista har jini ya fita. Manya sun sani tun farkon shekarun 1980, suka yi shiru, ya koma Zimbabwe a 1984 ya buɗe wasu sansanonin. Yaran Afirka aka bar wa shi.

Dattijo:
'Yata, sannu da haƙuri. Ni ban taɓa fita waje ba, amma na daɗe a cikin dattawan ikkilisiya, kuma ina shakkar takardar nan. Wanda aka taɓa kamawa kaɗai take nunawa. A nan wa ake kamawa? Mu da muka san uban mutum da kakansa, ina ganin saninmu ya fi tambarin ofis.

Uwar Marayu:
Baba, da girmanka, sanin nan ne ya cuce mu. A ikkilisiyarmu, ba zan faɗi gari ba, akwai mai koyar da mawaƙa da kowa ya san gidansu, ubansa na cikin waɗanda suka ɗora harsashin ginin. Bayan an tashi koyon waƙa yakan ce wa wata yarinya ta tsaya, muryarta na bukatar gyara. 'Yar ƙanwata ce, shekararta 13. Abin da na lura da shi kawai, ta daina sa farar rigar mawaƙa, ta cusa ta ƙarƙashin katifa, ranar Asabar kuma sai ciwon ciki. Na ɗauka lalaci ne, har na yi mata faɗa. Wannan faɗan bai bar ni barci ba har yau.

Da magana ta fito, aka zauna a ofishin fasto, aka ce a rufa asiri don sunan Ubangiji. Aka sa shi horo wata shida, yana zama a bencin baya. Da ya gama aka rubuta masa wasiƙar canjin ikkilisiya mai kyau, ya tafi wani gari. Ba wanda ya je wurin 'yan sanda, alhali akwai dokar haƙƙin yara tun 2003, NAPTIP, hukumar yaƙi da fataucin mutane, kuma ta buɗe rajistar masu irin wannan laifi a 2019.

Gaskiyarka ne, Baba, takarda ba za ta kama shi ba. Amma da akwai dokar cewa babba ɗaya ba ya keɓewa da yaro, ƙofa a buɗe, da bai samu wannan rabin awar ba. Wannan ko kwabo ba ya ci. Mu zumuntar mata yanzu biyu-biyu muke zama a koyon waƙa, muna gyaran wake a bakin ƙofa har yaro na ƙarshe ya fita.

Dattijo:
Na ji, 'yata. Wasiƙun canjin nan ni ma na sa hannu a da yawa ban kira kowa na tambaya ba. Zan kai maganar zaman dattawa na watan gobe.

Maman Biyu:
Uwar Marayu, Allah ya warkar da yarinyar nan. Na tuna sau nawa na aiki yaro shi kaɗai ɗakin ajiya wurin maigadi ya karɓo alli, jikina ya yi sanyi. Na ɗauko takardun ina cikewa. Ɗan Kagoro, taimake ni da abu ɗaya: sun ce in rubuta duk inda na zauna cikin shekara biyar. Gidanmu na Jos ba shi da lamba, "bayan gidan mai, kusa da bishiyar mangwaro" muke cewa. Me ka rubuta a naka?