Tambaya: Wanne ne Garamond na asali?

Ɗalibar Zane:
Assalamu alaikum. A darasinmu na tsara haruffa an umarci kowa ya zaɓi salon haruffa guda, ya bibiyi tarihinsa, sannan ya tsara fosta da shi. Na zaɓi Garamond, amma da na jera wanda ke cikin Microsoft Word kusa da Adobe Garamond sai na ga sun sha bamban, alhali suna ɗaya suke amsawa. Wanne ne na asali, kuma ta ina zan fara bincike?

Tsohon Ma'aikacin Maɗaba'a:
Wa alaikumus salam. Malama, idonki bai yaudare ki ba. Claude Garamond mai sassaƙa haruffa ne a kan ƙarfe a birnin Faris, kuma ya rasu a 1561. Bayan rasuwarsa da shekara sittin, a 1621, wani Bafaranshe mai suna Jean Jannon ya fitar da samfurin nasa haruffan a garin Sedan. Daga baya haruffan Jannon suka shiga hannun maɗaba'ar gwamnatin Faransa, aka riƙa jingina su ga Garamond bisa kuskure, har kamfanin Monotype ya kwaikwaye su a farkon shekarun 1920 ya sa musu sunan Garamond. Beatrice Warde, wata masaniyar tarihin haruffa, ce ta warware wannan ruɗani a 1926, cikin wata maƙala da ta sa wa hannu da sunan aro, Paul Beaujon. Saboda haka wanda ke cikin Word jikan Jannon ne, shi kuwa na Adobe, wanda Robert Slimbach ya zana aka fitar a 1989, daga aikin Garamond kansa aka ɗauko shi.

Malamin Zane:
Shawarata ita ce kada ki dogara da bayanin da masu sayar da haruffa ke rubutawa, domin galibi talla ce. Ki nemi hoton takardar samfuri ta Egenolff-Berner da aka buga a Frankfurt a 1592, wadda ke ɗauke da haruffan Garamond da sunansa. Gidan tarihi na Plantin-Moretus da ke Antwerp a Beljiyam kuma yana ajiye da ƙarafan sassaƙa da mazubai na asali, wato ƙarafan da aka sassaƙa haruffan a kansu da waɗanda ake zuba narkakken ƙarfe a ciki don fitar da haruffan. Bayan haka ki buga ƙananan haruffa m da n da r na salon biyu, ki ƙara musu girma sosai a takarda, ki dubi ɗan kunnen da ke saman hagu: na Jannon ya fi tsini da gangara. Wannan kwatanci kaɗai ya isa ya zama ƙashin bayan fostarki.

Ɗalibar Zane:
Na gode ƙwarai, Malam. To haruffa masu karkata fa, su ma na Garamond ne?

Malamin Zane:
A Adobe Garamond dai daga aikin Robert Granjon aka ɗauko su, wanda suka yi zamani ɗaya da Garamond, don haka ki ware masa gurbinsa daban a jikin fostar.